Na sauya wa Landiroba manifol, sai ga silo ya lalace

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙasar Babura. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini Landiroba Series III mai fetur, da ita nake kai gero da riɗi kasuwa. Manifol ɗin salansa ya tsage, sai na sayo duka biyun a Kano, na shaƙar iska da na fitar da hayaƙi, bakanikenmu ya ɗaura. Tun ranar motar ba ta tsayawa a silo sai na ja cok, kuma da safe ana jin ƙara tas-tas-tas daga gefen injin. Bakaniken ya ce kafireto ne, in sayi sabo. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya gafarta wa Baba, ya sa albarka a abin da ya bari. Kada ka sayi kafireto tukuna. Motar da take silo lafiya, wato injin na aiki a hankali ba a taka totur ba, kafin a taɓa manifol, ta daina bayan an taɓa, a wurin da aka taɓa ake fara neman ciwonta.

Injin da ke cikin motarka shi ne mai silinda huɗu, 2286cc, wanda Series III ta gada daga yayyenta, aka kuma ci gaba da sa mata daga 1971 har 1985. A wannan injin manifol ɗin biyu, wato bututan da ke shigar da iska da fitar da hayaƙi, gefe guda suke a jikin tof silinda, ƙarfen da ya rufe saman injin. Na shaƙar iska, wanda kafireto ke zaune a kansa, na alminiyom ne kuma shi ne a sama. Na hayaƙi ƙarfen zubi ne, yana ƙasa. An haɗe su da notuna a tsakiya, daidai ƙarƙashin kafireto, domin zafin hayaƙi ya riƙa ɗumama fetur ya gauraya da iska sosai. To, a wannan haɗin ne yawancin aikin ke ɓaci. Bakanike zai haɗa su a ƙasa, ya ɗaure notunan tsakiya tamau, sannan ya ɗauko ya manna a jikin injin. Idan bakin ɗaya ya ɗara na ɗayan fitowa ko da kaurin takarda biyu ne, wanda ya fito zai danne gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin manifol da injin, wanda ya noƙe zai bar kafa. Ƙara ɗaurewa ba ya rufe wannan kafar, sai dai ya tsaga kunnen manifol, musamman na zubin, don ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi.

Alamomi biyun da ka faɗa kowacce da inda take nunawa. Ƙarar safiya hayaƙi ne ke tsartuwa ta gefen gaskit. In injin ya yi zafi ƙarfe ya faɗaɗa ya matse kafar, sai ƙarar ta ragu. Duba bakin manifol, za ka ga baƙin toka ya yi layi a inda yake fita. Rashin silo kuwa iska ce ke shiga ta bayan kafireto, iskar da ba a auna mata fetur ba. Shi ya sa in ka ja cok take daidaita, ka ƙara mata man da ya cike gurbin. Kana iya tabbatarwa da guntun tiyo: baki ɗaya a kunnenka, ɗayan ka bi gefen gaskit da shi injin na aiki, za ka ji tsotson iska. Ko ka fesa ruwa kaɗan a wurin ka saurari ko muryar injin ta sauya. Kada ka yarda a gwada da fetur kamar yadda wasu ke yi, domin salansa mai zafi na nan ƙasa da wurin.

Wannan kafa ta shaƙar iska ita ta fi damuna, saboda inda kake. Iyakilinan Landiroba, wato abin tace iska, na cikin mai ne, an yi shi don ya kama ƙura, kuma yana kamawa. Amma iskar da ke shiga ta gefen gaskit ba ta bi ta cikinsa ba. A hanyoyin rairayi irin na ƙauyukanku, lokacin hunturu, yashi ne ke wucewa kai tsaye cikin silinda yana cin zobe da bango. Ga kuma ƙarancin fetur da ke sa injin zafi har ya ƙone bawul. Hayaƙin ma ba abin rainawa ba ne: tsohuwar Landiroba cike take da ramuka tsakanin injin da wurin zama, kuma gubar da ke cikin hayaƙi ba ta da wari. In kai ko fasinja kuna jin ciwon kai da jiri a tafiya, ku tsaya ku fita.

Gyaran shi ne a sake kwancewa. A cire kan batir, a sauke manifol ɗin biyu, a kankare tsohon gaskit daga jikin tof silinda har ƙarfe ya fito fes, amma a toshe ramukan da tsumma kada datti ya faɗa. A sassauta notunan tsakiya, a ɗora rula ta ƙarfe a kan bakunan gaba ɗaya, a duba ta fuskar haske. In akwai bakin da ya ƙi taɓa rula duk da an sassauta, manifol ɗin ya murɗe, sai a kai Kano wurin masu yankan injin su share fuskar, kuma a haɗe za a kai su, a share su tare. A duba kaurin kunnuwansu ma, domin akwai ƙarafan danni da ke kama kunnen wannan da na wancan lokaci ɗaya. In kaurin ya bambanta, ɗaya kawai za su danne.

Gaskit sabo za a sa, wanda aka riga aka matse ya gama aikinsa. Ana samu a Ƙofar Ruwa, ka tafi da tsohon don a gwada, ka sayo har da na tsakanin manifol ɗin biyu da na ƙarƙashin kafireto. Ban yarda da shafa gam a nan ba, zafin wurin ƙone shi yake yi.

Sai tsarin ɗauri, wanda shi ne zuciyar aikin. Notunan tsakiya a bar su a ɗaurin hannu. A manna manifol a jikin injin, a sa dukkan notuna da hannu, sannan a fara ɗaurewa daga tsakiya ana fita gefe da gefe, kaɗan-kaɗan, a zagaya sau biyu ko uku. Da gajeren sifana, ba a sa masa bututu. Sai bakunan sun zauna daram a jikin tof silinda za a koma a ɗaure notunan tsakiya. Bututun salansa shi ne na ƙarshe, kuma a sassauta maratayansa tukuna, ya zo bakin manifol da kansa. Bututun da aka janyo da ƙarfi aka ɗaure yana jan manifol duk lokacin da mota ta faɗa rami, kuma ina kyautata zaton irin wannan ne ya tsaga na farkon. Notunan tagulla sun fi dacewa a wurin, ba sa kamawa da tsatsa.

Ka lura da zaren notuna. Tsofaffin injinan nan na inci ne, waɗanda aka yi daga baya aka koma milimita, noti kuwa in ya ƙi shiga da hannu ba nasa ba ne. Ka duba jikin sabon manifol ɗin iskar ko akwai ramin tiyo da motarka ba ta amfani da shi. In an bar shi a buɗe, shi kaɗai ya isa ya kashe silo.

In an gama, a tayar da ita ta yi zafi sosai, a kashe, a bari ta huce gaba ɗaya, a sake bin notunan, domin sabon gaskit yana kwantawa. Bayan tafiyar kasuwa ɗaya ko biyu a ƙara bi. A nan ne za a saita silo, domin mai yiwuwa bakaniken ya riga ya murɗa sukurorin kafireto yana neman rufe matsalar. In duk an yi haka silo bai zauna ba, ka sake rubuto mini da launin bakin fulogi huɗun, kowanne da silindarsa.