Ciwon dunduniya da sassafe: gashi zai yi magani?

Hajiya, kin ce in kin sauko daga gado da asuba dunduniyarki kamar kin taka ƙusa, sai kin ɗan zagaya tsakar gida ya lafa. Yawanci jijiya ce mai kauri da ta tashi daga dunduniya zuwa yatsu ta ƙarƙashin tafin ƙafa ta gaji, musamman ga mai wuni tsaye a bakin murhu da silifas marar tudu.

Gashi irin na asibiti, wato motsa jijiyar da miƙar da ita, yana taimakawa sosai. Kafin ki taka ƙasa, ki zauna ki miƙe ƙafar, ki rataya tawul a yatsun, ki ja zuwa jikinki na daƙiƙa 30, sau 3. Da yamma ki murza robar ruwa mai ƙanƙara a tafin ƙafar na minti 10. Takalmi mai laushin ƙasa kuwa dole ne, ko a cikin gida.

Kada ki kai wa mai ɗori, ba karaya ba ce. Allurar dunduniya ma in aka yawaita tana raunana jijiyar. Sai haƙuri, yakan ɗauki watanni. In kina Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana da sashen gashi. In akwai kumburi, ko kina da ciwon suga, ki fara ganin likita. Allah ya ƙara sauƙi.