Ihun me 'yan kurket suke wa juna in za su ruga?

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki. Ni dai ƙwallon ƙafa na sani, kwanan nan ne wani Ba'indiye da muke aiki tare ya sa na fara kallon kurket, sai na ga duk sanda aka bugi ƙwallo masu bugun nan biyu sai sun ƙwala wa juna kira kafin su ruga. Wai me suke cewa ne? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kalmomi uku ne kacal na Turanci, "yes" wato taho, "no" kar ka motsa, sai "wait" dakata mu gani tukuna. Kociyoyi ma hana yara cewa "go" suke yi, don cikin hayaniyar 'yan kallo kunne zai iya jin ta kamar "no".

Dalili kuwa, filin da ke tsakanin sandunan da ake kafawa uku-uku a kowane gefe yadi 22 ne, sai masu bugun biyu sun yi musayar wuri ake rubuta maki ɗaya, in aka jefi sanduna kafin mutum ya kai layi to ya fita kenan. Shi ya sa wanda ya fi ganin ƙwallo shi ke da bakin magana. In ta yi gaba, wanda ya buga ne zai kira, in ta zille ta bayansa sai abokinsa na ɗaya gefen ya kira tunda shi yake fuskantarta. Kuma ko wa ya ce "no" magana ta ƙare, ba gardama.

In kana son ganin abin da rashin jin kira ke jawowa nemi bidiyon wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 1999 a filin Edgbaston da ke Birmingham. Afirka ta Kudu maki ɗaya tak take nema ta doke Ostareliya, Lance Klusener ya buga ya rugo da gudu, shi kuwa abokin bugunsa Allan Donald idonsa na kan ƙwallo bai ji ba, ga su nan su biyu a gefe ɗaya, da ya farga zai ruga katakonsa ma ya suɓuce masa, Adam Gilchrist na Ostareliya ya kaɓe sandunan. Aka tashi 213 da 213, Ostareliya ta wuce saboda ta fi su matsayi a zagayen baya. Ni dai har yau Donald nake tausayawa, don a jifar da ta gabata saura ƙiris a fitar da shi, tsoro ne ya riƙe masa ƙafa.