Dala 20 duk wata don AI, in biya ko in haƙura?

TAMBAYA: Salam Malam, ni matashi ne a Tudun Wada, ina haɗa wa 'yan kasuwa da makarantu shafukan intanet da ƙananan manhajoji. Abokaina sun dage sai na koma biyan ChatGPT Plus ko Claude Pro, wato tsarin kuɗi na manhajojin AI (basirar na'ura) mai dala 20 a wata, wai na kyauta ba ya jan aiki, toh ni kuma wani watan ko aiki ɗaya ba na samu. Akwai mai sayar da asusun haɗin gwiwa (asusun AI ɗaya da mutane da yawa ke amfani da shi) da araha a WhatsApp, in saya?

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena. Wallahi kukanka na kan hanya, domin farashin nan ba da mu aka yanka shi ba. Dala 20 a Amurka ba ta kai ladan awa uku ba ko a mafi ƙarancin albashinsu na dala 7.25 a awa, mu kuwa tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a 2024, kaga a wannan farashin dala 20 ta zama kusan naira 30,000 kenan, alhali mafi ƙarancin albashi a jihar Kaduna 72,000 ne, ga data ga man janareta ga cefane duk suna jiranka. Kuma kamfanonin sun san matsalar, ai a Agustan 2025 OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ya fitar da tsari mai rahusa, ChatGPT Go, a Indiya kan rupi 399, wato in sun ga kasuwa suna iya sassautawa.

Shawarata ita ce kar ka biya daga aljihunka, aiki ne zai biya. Watan da ka samu kwangila ka sa kuɗin cikin lissafin kwastoma kamar yadda tela ke sa kuɗin zare, ka biya wata ɗaya, ka gama aikin ka soke kafin su sake cira. Watan da babu aiki ka zauna a kan na kyauta. GitHub Copilot, AI mai taya masu haɗa manhaja rubuta ta, yana da na kyauta tun Disamban 2024, na kuɗinsa ma dala 10 ne, ga DeepSeek ga Gemini, su ma manhajojin AI ne irin ChatGPT, kuma in kana karatu a KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) ko Kadpoly (Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna) ka nemi tsarin ɗalibai na GitHub da shaidar makaranta.

Maganar asusun haɗin gwiwa kuwa, dan Allah ka rabu da shi. Ya saɓa ƙa'idar kamfanonin, ana iya rufe shi kowane lokaci kuɗinka ya bi ruwa, sannan duk wanda ke ciki yana ganin abin da ka rubuta, har bayanan ɗaliban makarantar da ta ba ka amana da lambobin sirrin kwastomominka. Wannan shi ya fi damuna, don in suka fita sunanka ne zai ɓaci a gari, mai sayarwar ko wayarka ba zai ɗauka ba.