Hukuncin gaskata labarin duniyoyin da ke kewaya wasu taurari da batun rayuwa a cikinsu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Ɗalibaina sun ji labarin cewa masana sun gano alamar rayuwa a wata duniya mai nisa, daga baya kuma wasu masanan suka musanta. Yanzu wasu daga cikin yaran suna cewa ilmin gaba ɗaya ƙarya ne tunda masu shi ba su daidaita ba, wasu kuma suna cewa ai Alƙur'ani ya riga ya faɗi hakan. Shin ya halatta in koyar da wannan fanni, kuma me ya kamata Musulmi ya ƙudurce a kai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Koyo da koyar da wannan ilmi halal ne, kuma idan aka yi shi da niyyar lura da ikon Allah yana zama abin lada, domin Allah Maɗaukaki ya yi umarni a Suratu Yunus, aya ta 101, cewa a dubi abin da ke cikin sammai da ƙasa. Abin da shari'a ta haramta shi ne duban taurari irin na bokaye, wato danganta arziki ko tsiya ko mutuwa ga motsin tauraro, kuma shi ake nufi a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya ɗebi wani ilmi daga taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri. Auna nisan tauraro da nauyinsa da lokacin kewayarsa yana cikin ilmin lissafin falaki, wanda Musulmi suka daɗe suna amfani da shi wajen sanin alƙibla da lokutan salla.

Samuwar duniyoyin kanta ta tabbata ta hanyar awon da aka maimaita sau da yawa a ƙasashe daban-daban. A shekarar 1995 Michel Mayor da Didier Queloz na ƙasar Siwizalan suka gano wata babbar duniya da ke kewaya tauraron 51 Pegasi cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i, kuma aka ba su kyautar Nobel a 2019 saboda wannan aiki. Zuwa watan Maris na 2022, adadin da hukumar NASA ta Amurka ta tabbatar ya wuce 5,000. Babu aya ko hadisi ingantacce da ya kore wannan, don haka wanda ya yarda da shi bai taɓa aƙidarsa ba. Tun ƙarni takwas da suka wuce Imam Fakhruddin ar-Razi, yana bayanin kalmar Rabbul alamina, ya kafa hujja cewa Allah mai iko ne ya halicci dubban duniyoyi bayan wannan tamu, yana raddi ga masu falsafar da suka ce duniya ɗaya ce tilo.

Batun rayuwa shi ne inda ya kamata a tsaya da kyau, kuma ina zaton labarin da ɗalibanka suka ji shi ne na duniyar K2-18b, wadda haske yake shafe kimanin shekara 124 kafin ya iso mu daga gare ta. Babu wanda ya ga wata halitta a can. Abin da ake yi shi ne, idan duniyar ta gifta ta gaban tauraronta, wani ɓangare na hasken tauraron yakan ratsa iskar da ta lulluɓe ta, sai na'urar hangen nesa ta James Webb ta rarrabe hasken, a duba launukan da suka ragu, a yi ƙiyasin sinadaran da suka shanye su. A watan Afrilun 2025, wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Nikku Madhusudhan na Jami'ar Kambirij ta sanar da cewa ta ga alamar wani sinadari da ake kira DMS ko makamancinsa, wanda a doron ƙasa ƙananan halittun teku ne mafi yawan masu samar da shi. Tawagar da kanta ta bayyana cewa yiwuwar alamar ta zama dacen awo kawai ta kai kusan uku cikin dubu, alhali ma'aunin da masana suke bi kafin su ce an gano abu shi ne ta gaza ɗaya cikin miliyan. Wasu masana sun sake nazarin bayanan, suka ce alamar ba ta da ƙarfin da za a gina hukunci a kanta, kuma wasu sinadarai dabam za su iya bayar da irinta. An kuma sami wannan sinadari a jikin wani tauraro mai wutsiya inda babu rai, wanda ke nuna cewa ko da ya tabbata ba lallai ne ya zama shaidar rayuwa ba. Har yanayin duniyar ana jayayya a kai, tsakanin masu cewa teku ne ya rufe ta da masu cewa narkakken dutse ne a ƙarƙashin iska mai kauri.

Wannan shi ne abin da malaman usulu suke kira zato, kuma Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilmi a kansa. Hanin yana hawa kan mai tabbatarwa ba da hujja ba, yana kuma hawa kan mai korewa ba da hujja ba. Saboda haka ba ya halatta Musulmi ya yanke cewa akwai rayuwa a waccan duniya, haka kuma ba ya halatta ya ce addini ya kore yiwuwarta, domin Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 8, yana halittar abin da ba ku sani ba.

Yaran da suka ce saɓanin masana ya rushe ilmin sun yi kuskure a ƙiyasi. Malaman fiƙihu sun saɓa a kan karanta Bismillah a cikin salla, amma wannan bai sa wani mai hankali ya yi shakkar wajibcin salla ba. Bugu da ƙari, jayayyar ita ce take tace gaskiya a wannan fanni. A 2008 an sanar da ganin wata duniya kusa da tauraron Fomalhaut, sai a 2020 bincike ya rinjayar da cewa gajimaren ƙura ne da ke watsewa. A 2010 an yi shelar Gliese 581g a matsayin duniyar da za ta iya ɗaukar rai, daga baya aka nuna cewa hargitsin tauraron ne ya ruɗi masu awo. Masana fannin ne da kansu suka bankaɗo waɗannan kurakurai, kuma wannan abin yabo ne da ya dace a nuna wa ɗalibai.

Kuskuren ɓangare na biyu ya fi damuna, domin ana yin sa ne da kyakkyawar niyya kuma ana yawan jin sa a wa'azi. Gaskiya ne aya ta 29 a Suratush Shura ta ambaci abin da Allah ya watsa na dabba a cikin sammai da ƙasa, kuma aya ta 12 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ambaci sammai bakwai da kwatankwacinsu na ƙasa. Sai dai magabata sun fassara ta farko da abin da ya haɗa da mala'iku da mutane da aljannu da sauran dabbobi, kuma sun yi saɓani mai faɗi a kan ma'anar ƙassai bakwai. Lafazin ayoyin bai toshe ƙofar samuwar wasu halittu ba, amma bai ayyana wata duniya da sunanta ba. Maganar da aka jingina wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, cewa a kowace ɗaya daga cikin ƙassan nan bakwai akwai annabi kamar Annabinku, Imam Baihaƙi ya inganta isnadinta amma ya ce ta yi matuƙar saɓa wa abin da aka sani, Ibnu Kasir kuma ya ɗauke ta a matsayin abin da aka ciro daga labaran Bani Isra'ila, don haka ba a gina aƙida a kanta. Wanda ya ɗaure aya da sanarwar da aka yi a watan Afrilun 2025, me zai gaya wa yaro idan aka janye sanarwar bayan 'yan watanni? Ya jefa shakka a zuciyar yaron game da Littafin Allah a kan abin da Littafin bai faɗa ba.

Shawarata gare ka, ɗan'uwa, ita ce ka ci gaba da koyar da darasin, kana bambance wa ɗalibai abin da awo ya tabbatar da abin da ake jayayya a kansa, kana kiran kowanne da sunansa. Idan suka tambaye ka hukuncin waɗancan halittu in har akwai su, ko an aiko musu manzanni, ka gaya musu cewa wannan gaibu ne da ba a sanin sa sai ta hanyar wahayi, kuma ba a ɗora mana nauyin bincikensa ba.

Allah ne mafi sani.