Tambaya da Amsa: Mu Cire Ƙuri'ar Babban Yatsa Daga Zaurenmu Ko Mu Bar Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin masu kula da wani zauren Telegram na 'yan Arewa masu gyaran waya a nan Legas, yawancinmu a Computer Village da ke Ikeja, wasu a Agege. In aka yi tambaya, amsar da ta fi tara babban yatsa ita yara ke bi. Kwanaki an tambaya kan wayar da ta ƙi ɗaukar caji, wanda ya ce a canja batir ya kwashe yatsu, wanda ya ce a fara duba ƙurar da ta toshe ramin caji ba wanda ya kula shi, alhali shi ke da gaskiya. Mu rufe abin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ku rufe shi gaba ɗaya, amma ku daina ɗaukarsa alƙali. Ƙuri'ar nan ba ingancin amsa take aunawa ba, tana auna wanda ya riga zuwa da wanda aka sani. Amsar farko kowa na ganinta, ta goma kuwa sai mai haƙurin gangarawa ƙasa. Kuma mutum in ya ga yatsu sun taru, yakan ƙara nasa ba tare da ya karanta ba. An gwada wannan: wani bincike da mujallar Science ta buga a 2013 ya nuna cewa in aka ba sharhi ƙuri'ar yabo guda ɗaya ta bogi tun farko, yiwuwar mai zuwa na gaba ya yaba ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari.

To me ya sa ba mu ce ku cire ba? Domin in babu maɓallin, saƙonnin "gaskiya ne" da "Allah Ya saka" za su cika zauren su binne amsar, kuma datar mutane ce ke tafiya.

Manyan dandamali ma gyara suka yi. Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke tambayoyi tun 2008, ya daɗe yana hana sabon shiga yabawa sai ya tara maki 15, kushewa kuwa sai 125, kuma duk wanda ya kushe amsa ana cire masa maki ɗaya, don kada a riƙa yi da gayya. Sannan mai tambaya ne ke sa alama a kan amsar da ta warware masa matsala. Wannan na ƙarshen shi ya fi dacewa da ku, tunda waya ko ta tashi ko ba ta tashi ba.

A aikace, ku shiga saitin zauren, wajen alamomin martani, ku zaɓi barin kaɗan maimakon duka, biyu sun isa. Ku kunna tsarin jinkirta saƙo, ku sa minti ɗaya ko biyar, masu jero saƙonni ba ƙaƙƙautawa za su lafa. Ku kafa doka cewa mai tambaya ya dawo ya faɗi abin da ya yi aiki, da samfurin wayar, sannan mai kula da zaure ya maƙala wannan amsar a sama. Wanda ya saba karɓar amsa ya ɓace, a ja masa kunne.

Tambaya: Alamar yatsa ƙasa fa? Ta sa wasu 'yan uwanmu biyu a Mile 12 sun daina gaisawa.

Amsa: Ita kam ku cire ta. A zauren da mutane suka san juna, suna sallah a masallaci ɗaya, kushe ba bayani rigima kawai yake haifarwa. YouTube ya ɓoye adadin kushe a Nuwamban 2021, yana mai cewa ana haɗa baki a far wa ƙananan masu bidiyo. Sai dai hakan na da illa, domin bidiyon gyaran da zai ƙona maka allon waya yanzu ba ya saurin ganuwa. Don haka ku ce duk wanda bai yarda da amsa ba ya rubuta dalilinsa a ƙarƙashinta, ko da layi ɗaya ne, kamar "na gwada a Tecno, bai yi ba".