Tambaya da Amsa: Tukunyar gahawa mai hawa biyu, a saya ko a haƙura?

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, kuma na gaji da gahawar gwangwani. Na ga wata tukunya a intanet, tulun gilashi biyu, ɗaya bisa ɗaya, ana aza ta kan wuta, ruwa ya hau sama da kansa ya sake saukowa. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, amma tunda ba ta buƙatar lantarki na ga kamar ta dace da mu. In saya? — Malami daga Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Malam. Batun lantarki kam ka yi gaskiya, wannan tukunya ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Amma kafin ka taɓa albashi, ka ji nata sharuɗɗan.

Ruwa ana zuba shi a tulun ƙasa. Tulun sama yana da bututu da ke sauka har kusa da gindin na ƙasa, da zoben roba da ke toshe bakin kada iska ta fita, sai matata a kan bututun. In wuta ta kama, tururi ya taru a ƙasa ya rasa mafita, sai ya danne ruwan ya tura shi sama. Za ka ga ruwan saman yana ɓulɓula ka ɗauka tafasa yake. Ba tafasa ba ce, tururi ne ke ratsawa, zafin ruwan kuwa wajen digiri 90 ne, daidai abin da gahawa ke so. Da ka sauke tukunyar, tururin ƙasa ya huce ya koma ruwa, wurin da ya bari ya zama fanko, sai gahawar ta zuƙo ƙasa ta cikin matata kamar yadda ƙahon wanzami ke jan jini, tuƙa ta tsaya a sama. Abin da ke fitowa tatacce ne, babu laka a gindin kofi, ƙamshinsa kuma ya fi ƙarfinsa. In mai kauri kake so, wadda ke buɗe ido tun kurɓar farko, wannan ba za ta ba ka ita ba.

Dabarar tsohuwa ce. A Jamus aka fara ta a shekarun 1830, wata mata a birnin Liyon na Faransa, Madam Vassieux, ta yi rajistar nata samfurin a farkon shekarun 1840, kuma gidajen Amurka sun daɗe suna amfani da ita kafin na'urorin lantarki su ture ta. Mutanen Japan ne suka riƙe ta da kyau har yau.

Wajen saye, kuskuren da ya fi tsada shi ne rashin bambance iri biyu. Akwai ta tebur, mai zagayayyen gindi, wadda ke rataye a ƙarfe ana kunna mata 'yar fitilar sifirit a ƙasa. Yawancin na kamfanin Hario na Japan irin wannan ne. Ba ta zama kan gas. Wadda kake nema mai shimfiɗaɗɗen gindi ce da mariƙi, kamar ta Yama ta Taiwan, ko ta Bodum ta Denmak da ta fito a 1958 da sunan Santos, yanzu ana ce mata Pebo. Kada kuma "kofi takwas" da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Ta Bodum ɗin lita ɗaya ce, kofinsu ƙarami ne. Da irin kofin da muke shan shayi, mutum uku ko huɗu za ta ɗauka. Kuma ba ta yin kyau in an zuba mata ruwa kaɗan, saboda haka in kai kaɗai ne mai sha a gidan, nemi ƙarama.

Ka tambayi mai sayarwa ko gilashin mai jure zafi ne, wanda ake kira borosiliket, ka kuma tambaye shi tun kafin ka tura kuɗi: in ta fashe a hanya tsakanin Legas ko Kano da Sakkwato, asarar wa ce? Ka haɗa da zoben roba na ajiya da ƙarin matata a oda ɗaya. Zafin garin nan yana busar da roba, ranar da zoben ya tsage kuwa tukunya ta zama kayan ado, don ba abu ba ne da za ka shiga kasuwa ka tsinta a shagon 'yan tangaran.

Hukuncina: in kana da gas mai ƙaramar wuta, kana da mintuna goma sha biyar da safe ko bayan la'asar, kana kuma shirye ka sayi 'ya'yan gahawa da abin niƙa na hannu, saya. In kuɗin na abu ɗaya ne kawai, sayi abin niƙan da 'ya'ya masu kyau ka tace da mataci mai arha, za ka fi jin bambanci. Gahawar gwangwani kuwa an riga an dafa ta an busar, babu abin da wannan tukunya za ta ƙara mata.

Maigida ya zo mani da wagga tukunya daga tafiya. Ruwa na hawa lafiya lau, amma in munka sauke ta sai gahawar ta maƙale bisa, ta ƙi saukowa, in ta sauko kuma ɗaci kamar maɗaci. Injin unguwa munka kai 'ya'yan anka niƙa. Ko dai tukunyar ce ba ta da kyau? — Hajiya daga Mabera

Hajiya, tukunyarki ƙalau take, niƙan ne. Injin unguwa yana mayar da 'ya'yan gari lukui, garin ya toshe ramukan matata, ruwa ya rasa hanya. Yana zaune a sama yana ta jiƙa, shi ne ɗacin da kike ji. Ban ma zo kan barkono da daddawar da aka niƙa kafin naki ba. Ana son niƙa matsakaici, wanda in kin murza a yatsa za ki ji ɓarzarsa. In babu abin niƙa na hannu, daka a ƙaramin turmi mai tsabta, ki tankaɗe da rariya, ki zubar da ƙurar da ta wuce, ki yi aiki da wanda ya tsaya.

Awo: giram 30 zuwa 35 ga rabin lita, wato babban cokali kamar shida. Ki fara da ruwan da ya riga ya yi zafi daga buta, ya rage miki jira. Ki goge bayan tulun ya bushe kafin ki aza. Ki jira ruwa ya gama hawa, ki rage wuta, sannan ki zuba garin ki juya a hankali har ya jiƙe duka, ba tare da kin bugi matata ba. Minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. Ki sauke kan katako ko busasshen tsumma. Kada a ɗora gilashi mai zafi kan tayil mai sanyi ko wuri mai ruwa. Cikin minti ɗaya ya kamata ta gama sauka. Ɗan ruwan da ke rage a ƙasa lokacin dahuwa da gangan aka bar shi, shi ke ba da tururi yana kuma kare gilashin, kada ki jira ya ƙare.

In ta sake maƙalewa, kada ki fizge tulun sama da ƙarfi. Mayar da ita kan wuta kaɗan, jan zai saki, sannan ki karkaɗa a hankali ki cire. In kuwa niƙan ya gyaru amma saukar ba ƙarfi, duba zoben roba, wataƙila iska na shiga ta gefe.

Matatar ƙyalle tana tacewa sosai, amma ita ce ta fi wahalar riƙo a nan. Masu ita kan ce a wanke a ajiye cikin ruwa a firij. To, firjin da wuta ke zuwa masa yadda ta ga dama, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kwana biyu ƙyallen zai fara warin tsohon mai. Ki wanke da ruwan zafi ba sabulu, ki tafasa shi lokaci-lokaci, ki shanya a inuwa ya bushe ƙamas inda ƙura ba ta kai. Ko ki huta, ki nemi ta takarda ko ta ƙarfe. Citta da kanumfari in kina so, ki farfasa su ki jefa a tulun sama. Garinsu zai toshe miki matata kamar na injin.

Ni a kurfoti nake dafa shayina shekara da shekaru. Ɗana ya aiko mani da irin wannan. Za ta hau gawayi? — Dattijo daga Rijiyar Ɗorowa

Allah ya ƙara girma, Baba. Ban ba ku shawarar haka ba. Garwashi zafinsa ba ɗaya ba ne, wani gefen ya fi wani, kuma ba a rage shi nan take, alhali duk aikin tukunyar nan a rage wuta yake. Harshen wuta in ya lashi gefe kuma zai ci mariƙin. Ƙaramin gas ɗin nan mai tukunya a ƙasa ya wadatar, a sa faifan ƙarfe ko ragar waya tsakanin wuta da gilashi. In gawayin ne dole, butar ƙarfe ta fi: a tafasa ruwa, a sauke, a zuba gari, a rufe minti huɗu, a tace. In ruwan rijiya ko na burtsatse ya bar farin dabbare a gilashin, ruwan lemon tsami yana cire shi.

Ina da teburin shayi kusa da tasha. Na ce ko in sa irin wannan don jan kwastoma? — Mai shayi

Za ta ja ido, ɗan'uwa, amma mai jiran mota ba zai tsaya maka minti goma ba, kuma gwiwar hannu ɗaya ta isa ta kai jarinka ƙasa. In kana son ka bambanta da maƙwabta, nemi 'ya'yan gahawa na gaske. Ana noman irin Arabika a tsaunin Mambila a Taraba da kuma Filato, ga ta Habasha a wajen masu shigo da kaya. Sayi kaɗan-kaɗan, ka rufe a gwangwani mai murfi nesa da rana, ka niƙa na yini ɗaya, ka dafa a buta ka juye a filas. Ka fara da filas ɗaya ka ga ko zai ƙare kafin azahar.