Tambaya da Amsa: Na je hira da tsohon direba, ya sallame ni cikin minti goma

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce, ina zaune a Jekadafari cikin Gombe. An ba mu aiki a makaranta mu yi hira da mutum uku kan sana'arsu da asalinsu. Na fara da wani tsohon direba maƙwabcinmu. Na je da tambayoyi goma sha biyar a takarda, amma ko minti goma ba mu yi ba ya ce, "To 'yata, Allah ya yi albarka." Abin da na samu bai wuce "e", "a'a" da "an daɗe" ba. Ina na yi kuskure?

AMSA: Ƙanwata, takardar nan ce ta fara ɓata miki aiki. Dattijo in ya ga takarda da biro, abin da ke zuwa masa a rai shi ne mai ƙidaya ko mai karɓar haraji, kuma duka biyun ba a sakin baki da su. Ki haddace tambaya uku, sauran ki bar su a jaka.

Ni ma na taɓa shan irin wannan sallama. Farkon fara aikina na je wurin wani tsohon maƙeri a cikin garin Bauchi, wajen Ƙofar Wunti. Daga gaisuwa sai na ce, "Baba, kai wane yare ne?" Ya dube ni, ya dubi yaron da ke zuga, ya ce, "Musulmi ne ni." Ya ci gaba da dukan ƙarfensa. Bayan mako guda na koma da goro, na zauna a gefen maƙera ban ce komai ba sai sannu da aiki. Can na nuna wani awartaki da hannunsa ya sha gyara, na ce wannan kam ya ga jiya. Nan bakin ya buɗe. Na kakansa ne, in ji shi, kuma daga awartakin muka gangara har ƙauyen da kakan ya baro, da yaren da yake yi wanda jikokin ba sa ji ko kalma ɗaya. Amsar da na nema da ƙarfi ban samu ba, sai ga ta ta zo da ƙafarta.

Maganar asali a ƙasarmu ba ta da sauƙi. Gerawa da yawa a Bauchi yau Hausa kaɗai suke ji, alhali Malam Yakubu da ya kafa garin, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, Bageri ne. A wajenku akwai Fulani, Tera, Bolawa, Tangale, Waja, ga waɗanda fatauci ya kawo daga Kano da Barno. Mutum guda sai ki samu uwarsa daga nan, ubansa daga can, shi kuma ya tashi a gidan wani. Wani ma akwai tsohon tabo a tarihin gidansu da ba ya son a taɓa. In kika ce ya zaɓi kalma ɗaya, kin takura shi. Ki tambaye shi inda aka yanke masa cibiya, da irin tuwon da ake yi a gidansu ranar salla.

Shi kuma direbanki, kada ki sake tambayarsa wace shekara ya fara tuƙi. Shi ya sa kika sha "an daɗe". Mutanen da ba da lamba suke riƙe shekaru ba, da abin da ya faru suke riƙewa. Ki ce, "Baba, lokacin da aka canza hannu kana tuƙi?" A watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama, kuma babu direban zamanin da ba shi da labarin wannan makon. Ki tambaye shi ko da fam da sule aka fara biyansa ko da naira, domin naira ta shigo ne a Janairun 1973. In ya ce ya yi dakon kaya lokacin yaƙin basasa, kin san tsakanin 1967 da 1970 ne. In ya ce lokacin Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, to kafin Oktoban 1996 ke nan. Ke za ki koma gida ki sa lambobin da kanki.

Sannan ki shiga cikin motar da shi. Wa ya koya masa? Shekara nawa ya yi yana yaron mota, yana sauka da gudu ya sa waji a hawa? Gingimari ya ja ko ƙaramar mota? Me yake ɗauka daga Gombe, auduga ko gyaɗa? Unguwar BCGA da kike wucewa kullum sunan kamfanin audugar Turawa ta ci, kuma zai iya gaya miki yadda ake lodi a wurin. Ki ambaci gadar Dindima a hanyar Bauchi, ki yi shiru. Shirun nan shi ne abin da ya fi wa matasa wuya. Tsoho yana tsayawa ne don ya jawo abin da ya yi nisa, ku kuma sai ku cusa wata tambayar.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki kunna rikodin waya a ɓoye, ki nemi izini, ki gaya masa wa zai ji. Kuma kada ki tambayi abin da kunya ta hana: yawan shanun Bafillace, sunan ɗan fari, ko laƙanin da mai sana'a ya gada. In zai faɗa, shi zai kawo.

Ki koma da yamma bayan la'asar, ba ranar da ya dawo daga jana'iza ko kasuwa ba, kuma ki sa ran sai kin je sau uku.

TAMBAYA: Malam, kakata ta yi unguwarzoma shekaru da yawa a Azare. Ni namiji ne, in na tambaye ta aikin sai ta yi dariya ta ce ba maganar maza ba ce. Yaya zan yi?

AMSA: Gaskiyarta, ɗan'uwa. Ka ba ƙanwarka ko matarka wayar, da sanin Iya, su zauna a tsakar gida ana tsinkar zogale. Kai kuma naka rabon shi ne wasan jika da kaka: ka ce mata ka ji an ce rabin unguwar ita ta yanke musu cibiya amma kai ba ka yarda ba. Za ta fara lissafo maka su gida-gida, har da wanda yanzu ya zama limami.